Daga kurciya zuwa zalɓe: yadda na koya wa kaina ɗaukar bidiyon dabbobi

Bidiyon tsuntsu na farko da na ɗauka yana nan a kwamfutata, ban goge shi ba. Tsawonsa sakan 40. Kurciya ce a kan reshe, amma hoton sai rawa yake yi kamar a cikin kwalekwale aka ɗauke shi, sama ta yi fari fat, ita kuma kurciyar ta fito baƙa ƙirin, iska tana ta dukan makirufo. A sakan na 31 ta tashi, ya rage reshe kawai. Lokacin da nake ɗauka ji na yi na kama wani abu mai daraja, don da idona na ga hasken safiya yana sauka a wuyanta. Da na kalla a babban allo, babu ko ɗaya daga abin da idona ya gani. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, kuma a ranar na ƙudura sai na gano inda hasken nan ya ɓace.

Ina da aikin da nake yi da rana, babu halin shiga makaranta. Abin da ke hannuna shi ne tsohuwar kyamara mai canjin gilashi, da gilashi ɗaya mai zuƙowa daga milimita 70 zuwa 300, da intanet, da awa biyu bayan na taso aiki. Wata biyu na farko sun tafi a kallon darussa, ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu a kan kayan aiki: wace kyamara ta fi wace, wane gilashi ya fi kaifi. Na haddace sunaye da lambobi da yawa, hannuna kuwa yana nan yadda yake. Wannan shi ne ramin da mai koyo a gida yake fara faɗawa, domin kallon darasi yana sa mutum ya ji kamar yana aiki. Da na farga sai na kafa wa kaina doka: darasi ɗaya, fita ɗaya. Ba zan buɗe sabon darasi ba sai na fita na gwada na jiya, na dawo na kalli abin da na ɗauko, na rubuta a littafi abin da ya lalace da dalilin da nake zato. Na kuma ɗauko ɗan littafin bayanin da ke zuwa da kyamara, wanda ban taɓa buɗewa ba, na bi shi shafi-shafi da kyamarar a cinyata.

Abu na farko da na warware shi ne lissafin haske da motsi. Bidiyo hotuna ne a jere, ana nuna su da sauri har ido ya ɗauka motsi ne. Sinima ta saba da hoto 24 a sakan guda, talabijin kuma 25 a ƙasashen da wutar lantarkinsu ke kan 50 Hz, kusan 30 a inda take kan 60. Na zaɓi 25 na zauna a kai. Kowane hoto daga cikin 25 ɗin nan sai kyamara ta buɗe ido ta rufe, ni ƙiftawa nake kiran wannan. Ƙa'idar da masu sana'ar suka daɗe a kanta ita ce a ninka yawan hotunan sau biyu: in kana kan 25, ƙiftawa ta zama 1/50 na sakan. A da, kyamarar na bar wa zaɓi, ita kuwa da rana ta fito sai ta haye 1/2000. Shi ya sa fukafukan tsuntsu suke fitowa a yanke-yanke, kamar an bi motsin da almakashi. Kowane hoto ya daskare shi kaɗai, babu ɗan dishi-dishin da ke haɗa shi da na gabansa, alhali wannan ɗan dishi-dishin shi ne ido ke karantawa a matsayin motsi mai laushi.

Da na mayar da ƙiftawa 1/50 sai wata matsalar ta ɓullo: haske ya yi yawa. A rana mai ƙarfi, ko da ISO, wato ma'aunin saurin jin hasken kyamara, yana kan 100, sai ka tsuke ƙofar haske, wadda ke ƙara tsukewa in lambarta ta ƙaru, har wajen f/22 kafin hoto ya daina ƙonewa. A f/22 kuwa duk ƙurar da ta kwanta a kan farantin da ke karɓar haske, wato sensa, za ta fito ɗigo-ɗigo a sama, ciyawar da ke bayan tsuntsu ta fito tar tana gasa da shi. Ni f/5.6 nake so, inda baya zai narke tsuntsu ya fito shi kaɗai. Daga 22 zuwa 5.6 mataki huɗu ne, 16, 11, 8, 5.6, kowane mataki yana ninka haske sau biyu, ke nan haske ya ƙaru sau 16. Maganinsa baƙin gilashin da ake ɗaurawa a gaban na kyamara, wanda ake kira ND, tabarau dai ne na kyamara. Ranar da na fara amfani da shi na ga wuyan kurciya da launinsa na gaskiya. Na kuma koyi daina yarda da ƙaramin allon kyamara a cikin rana, na koma duba jadawalin haske da take nunawa, ina tabbatar da cewa farin bai haye ƙarshen dama ya manne ba, domin farin da ya ƙone ba ya dawowa a wurin tacewa.

Rawar hoto ta fi ba ni wuya. Sensar kyamarata ƙarama ce, mai ninki 1.5, saboda haka gilashin 300 yana gani kamar na 450. Duk yadda ya zuƙo tsuntsu, haka yake zuƙo rawar hannu, har bugun zuciya yana fitowa a hoto. Na fara da ƙafa-uku ta ɗaukar hoto maras motsi, ta tsayar da kyamara amma da zarar na so bin tsuntsu sai ta fizga. Daga baya na sami kan ƙafa-uku irin na bidiyo, mai wani ruwa mai kauri a ciki da ke riƙe motsi ya sa shi tafiya a hankali. Idan mai koyo zai kashe kuɗi a abu ɗaya tak, a ganina nan ya kamata ya kashe, kafin sabuwar kyamara. Na yi makonni ina atisaye a ɗaki: in ɗora kyamara a gefen ƙofa, in ja a hankali zuwa taga, in tsaya cak ba tare da ta koma baya ba. Wata dabara da ta taimake ni ita ce ɗaura robar ɗaure kuɗi a hannun kan, in riƙa ja da ita maimakon yatsuna, robar tana shanye fizgar farko da ta ƙarshe. A waje kuma ba na ɗaga sandar tsakiyar ƙafa-ukun, ina rataya jakata a ƙarƙashi don nauyi, in na danna ɗauka sai in janye hannuna gaba ɗaya in ƙirga goma a zuci. Yanzu ashirin nake ƙirgawa.

Sai fokas. Na kyamara mai sarrafa kansa yana aiki idan tsuntsu yana fili, amma da ganye ɗaya ya gitta sai ya bar tsuntsu ya kama ganye, ya yi gaba ya yi baya yana nema, ɗaukar ta lalace. A milimita 300 da f/5.6, idan abin da kake ɗauka yana nisan mita 5, wurin da ke fitowa garau bai fi santimita 6 ba. Ido ya fito, wutsiya ta ɓace. Dole na koma juyawa da hannu, ina dogara da layukan launi da kyamara ke zanawa a gefen duk abin da ya shiga fokas. Mazari ne ya horar da ni a nan. Yana da ɗabi'ar tashi ya zagaya ya dawo kan tsinken da ya bari, sau da yawa a jere. Sai in saita a kan tsinken, in danna, in jira shi ya shigo da kansa. A wurin mazari na fara gane cewa bin dabba da kyamara shi ne hanya mafi wuya, sanin inda za ta dawo ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Wajen wata na biyar lissafin nan ya zauna a hannuna, ba sai na tsaya tunani ba. Hotuna sun yi kyau, sun tsaya, sun fito garau. Amma da na tara su na kalla, tsuntsaye ne kawai a zaune. Kurciya a reshe, kurciya a bango, kurciya a ƙasa. Babu wanda zai kalli minti ɗaya bai gaji ba. Darussan intanet sun kai ni iyakar inda za su iya, domin babu darasin da ya san kurciyoyin da ke gabana.

Sai na ajiye kyamara na mako biyu. Na sa ruwa a faranti mai faɗi a inda suke sauka, na riƙa zama daga nesa da littafi da agogo. Na rubuta lokacin da suke zuwa, ta wace fuska, reshen da suke fara sauka a kai su duba kafin su sauko, tsawon lokacin da suke yi. A nan na lura da abin da na yi shekaru ina kallo ban gani ba. Yawancin tsuntsaye in za su sha ruwa sai su ɗiba da baki su ɗaga kai sama ya gangara. Kurciya da tantabara ba haka suke yi ba, tsoma baki suke yi su zuƙa ba tare da ɗagowa ba. Da na koma da kyamara na san abin da nake nema: kurciya da wani ƙaramin tsuntsu a bakin faranti ɗaya, ɗaya na ɗaga kai, ɗaya na zuƙa. Na same shi a kwana na huɗu, sakan 12, kuma shi ne abu na farko da na ɗauka wanda mutum ya kalla ya ce in maimaita masa.

Na ɗauki tafiyar kurciya kuma a hoto 100 cikin sakan, na nuna a 25, motsin ya ragu sau huɗu, tafiyar hawainiya sosai. Ashe kan da muke gani kamar tana kaɗa shi gaba da baya, ba baya yake komawa ba. Tana cilla shi gaba ne ta kafe shi a wuri ɗaya, jiki ya taho ya cim masa, sannan ta sake cillawa, don idonta ya samu tsayawa ya gani da kyau. Na daɗe ina maimaita wannan guntun. Daga baya na karanta cewa tun 1882 wani masanin Faransa, Étienne-Jules Marey, ya ƙera kyamara mai siffar bindiga da ke ɗaukar hoto 12 a sakan, ba don komai ba sai don ya ga yadda tsuntsu ke kaɗa fiffike. Tun kafin a san sinima, sha'awar ganin abin da ido ba ya iya kamawa a jikin dabba tana cikin abin da ya haifi wannan sana'a.

Da dare kuma na sauya yadda nake kallon finafinan namun daji. Sai in kashe sauti, in ɗauki biro, duk inda aka yanka in yi alama, in rubuta irin ɗaukar: daga nesa ce mai nuna wuri, ko matsakaiciya mai nuna dabbar gaba ɗaya, ko ta kusa mai nuna ido ko ƙafa ko baki. Na ga cewa abin da nake ɗauka a matsayin kallo ɗaya mai tsawo, guntaye ne da yawa, mafi yawansu 'yan sakanni, an jera su yadda kowanne yake amsa tambayar da na baya ya tayar. Ina muke? Wa ke nan? Me yake so? Me ya tsaya masa a gaba? Ya samu ko bai samu ba? Daga nan na daina fita neman kyakkyawan hoto, na koma fita da jerin abin da labari ke buƙata: wurin kafin kowa ya zo, saukowa, dubawa, sha, tashi, da ruwan da ke kaɗawa bayan an tashi.

Sauti na bari a baya, kuma kuskure ne. Dogon gilashi yana jawo hoto kusa, makirufo ba ya jawo komai. Duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin sauti yana raguwa da kusan desibel 6, saboda haka makirufon da ke kan kyamara numfashina da motsin rigata yake ji fiye da tsuntsun da ke mita 15. Na sami ƙaramar na'urar naɗar sauti, na sa mata rigar gashi mai kashe iska, na riƙa ajiye ta kusa da farantin ruwa tun kafin su zo, ina barin ƙarfin ya tsaya wajen -12 a ma'aunin na'urar don kada kuka mai ƙarfi ya fashe. Wasu ranakun ba na fita da kyamara sam, sautin wayewar gari kawai nake naɗowa. Haɗa sauti da hoto daga baya abu ne da kowa ke yi a wannan fanni, amma na ɗora wa kaina sharaɗi: ba zan sa kukan wani tsuntsu a bakin wani ba, ko da babu mai ganewa.

A wata na bakwai na yi abin da har yanzu yake damuna. Na gano sheƙar kurciya a wata ƙaramar bishiya, ƙwai biyu kamar yadda suka saba, uwa da uba suna karɓa-karɓar kwanci. Na fara daga mita 10, ba su damu ba. Washegari na matso, jibi na ƙara matsowa, har na kai kamar mita 3. Wani reshe yana tare mini gani, sai na lanƙwasa shi gefe na ɗaure. Wadda ke kwanci ta tashi, ta koma wata bishiya tana kallona, ta yi kusan awa ba ta dawo ba, ƙwai suna cikin rana, ni kuma ina zaune ina jiran ɗaukar dawowarta. Kwana biyu bayan haka na tarar da sheƙa wayam, ɓawon ƙwai a ƙasa, hankaka a saman bishiyar. Reshen da na kawar don kyamara ta gani, shi ne ya buɗe wa kowa ya gani. Kwaɗayi mabuɗin wahala, sai dai a nan ba ni na sha wahalar ba. Hoton da na ɗauka a ranar yana da kyau, ban taɓa nuna wa kowa shi ba.

Tun daga nan ba na taɓa reshe ko ciyawa a kusa da sheƙa, kuma na daina ɗaukar sheƙa gaba ɗaya sai in daga nesa ne sosai. Na koyi alamun da dabba ke nunawa in an takura mata: ta daina ci, ta miƙe wuya, ta kafe ka da ido, ta yi kukan gargaɗi. Da na ga ɗaya daga ciki sai in ja baya, ko da me nake ɗauka. Ba na kunna naɗaɗɗen kuka don in jawo tsuntsu, domin yana barin abincinsa da 'ya'yansa ya zo neman abokin gaban da babu shi. Jirgi maras matuƙi ma na cire shi daga lissafina. Ba a banza hukumar gandun dajin Amurka ta hana tashinsa a wurarenta ba tun 2014. Akwai kuma dalili na sana'a a cikin wannan: dabbar da ta tsorata abu ɗaya kawai take nuna maka, tsoro, shi kuwa ba shi ka fito ɗauka ba.

Sauran hanyar kusantar dabba ita ce ka ɓace mata. Rage nisa da rabi daidai yake da ninka tsawon gilashi, mai 300 a mita 10 yana samun girman da mai 600 ke samu a mita 20, kuma hotonsa ya fi tsabta, don iska mai zafi da ke tasowa daga ƙasa tana sa abin da ke nesa ya yi ta rawa kamar kawalwalniya. Maɓoya tsohuwar dabara ce. Wasu 'yan'uwa biyu a Ingila, Richard da Cherry Kearton, wajen 1900 har siffar bijimin sa suka sa aka yi musu da fata, mai rami a ciki, mutum ya shiga da kyamara ya jira tsuntsaye. Tawa sanduna huɗu ce da tsohon ƙyalle mai launin ƙasa, da ƙaramar kafa ta gilashi. Na nemi izinin mai wurin, na kafa ta a bakin wani tafki inda nake ganin zalɓe, da nisa tukuna, bayan kwana biyu-biyu in matso da ita kaɗan, ya saba da ita kamar kututture.

Ƙanena ne ke raka ni. Mu shiga tare, shi ya fito ya tafi a fili, tsuntsayen da suka ga mutum ya zo su ga mutum ya tafi, hankalinsu ya kwanta. Rakiyar tana da wani amfanin: akwai wanda ya san inda nake da lokacin da zan fito. Takalmi mai rufi, ruwan sha, da duba ƙasa da fitila kafin in zauna saboda maciji, waɗannan ba na wasa da su. Ranar farko da zai tafi ya leƙo ya ce, "Yaya, har ƙarfe nawa za ka zauna a nan?" Na ce sai rana ta ɗaga. Ya ce to zai dawo, kada in fito kafin ya zo.

Safiya huɗu zalɓen yana can ɗaya gefen, ɗan ɗigo a cikin hoto. A ta huɗun da na fito na tarar da wani dattijo mai kamun kifi yana naɗe komarsa. Na gaishe shi, na ce, "Baba, zalɓen nan ya ƙi zuwa inda nake." Ya dubi maɓoyata, ya dubi tafkin, ya ce, "Ɗana, ka zaɓi inda kai za ka ji daɗin zama ne. Shi kuwa can yake tsayawa inda rafi ke shigowa, nan ƙananan kifi ke taruwa, ruwan bai kai masa gwiwa ba. Kuma a makare kake zuwa. Kafin gari ya waye yana wurin." Maganar da ba ta kai minti ɗaya ba ta fi mini darasin wata guda. Na mayar da maɓoya kusa da bakin rafin, ta gabas da shi, don rana in ta fito ta kasance a bayana tana haska shi.

Saran zalɓe ya fi hannun mutum sauri; in ka jira ka ga ya fara sannan ka danna, ka riga ka rasa. Dole kyamara ta kasance tana ɗauka tun kafin. Amma katin ajiya na kyamara yana cika: a megabit 100 cikin sakan, minti ɗaya yana cin megabayit 750, katin gigabayit 64 bai fi minti 85 ba, kuma sai mai alamar V30 ko sama da haka don kada ɗauka ta yanke. Shi kuwa zalɓe yana iya yin rabin awa a tsaye kamar an dasa shi. Sai na koyi karanta jikinsa. In wuyansa yana miƙe sama, kallo kawai yake yi. In ya fara sunkuyar da jiki gaba, ya naɗe wuya, ya karkatar da kai, ya ɗaga ƙafa ɗaya a hankali ya ajiye, to lokaci ya yi. Ina so in ɗauka a hoto 100, ke nan ƙiftawa 1/200, wadda ke buƙatar haske ninki huɗu na 1/50, shi kuma ya fi farauta a lokacin da haske bai isa ba. Sai na ɗaga ISO na haƙura da ɗan yashi-yashin da ke fitowa a inuwa.

Na rasa shi sau da yawa. Sau biyu ya sara ya juya mini baya. Sau ɗaya ya fita daga cikin hoto saboda na zuƙo shi da yawa ban bar wa wuyansa fili a gaba ba. A safiya ta takwas batir ya mutu yana cikin sunkuyawa, don na kwana ban duba na ajiya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, tun daga ranar da dare nake jera komai in gwada. A ta goma sha ɗaya, rana ta ɗan leƙo, ya taho a hankali har inda na riga na saita fokas a kan wani kara, ya naɗe wuya. Na danna, na janye hannu, na riƙe numfashi. Ya sara, ya ɗago da kifi a gicciye a bakinsa, ya girgiza shi, ya juya shi ta kai, ya haɗiye, ana ganin kumburin yana gangarawa a wuya. Ban motsa ba sai da ya kurkure baki ya ci gaba da tafiya. Sannan ne hannuna ya fara rawa.

Tacewa ta ɗauke ni mako uku, da manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve, wadda ke da nau'in kyauta. Kafin in taɓa komai na kwafi duk abin da na ɗauko a faifai biyu daban. Awa tara ce a hannuna, ta koma minti uku da sakan goma. Abin da ya fi ciwo shi ne zubar da ɗauka masu kyau waɗanda labarin bai nema ba, kamar wata da hazo ke tashi a kan ruwa, na saka ta na cire ya fi sau biyar. Na kula da fuskar da yake kallo: in yana duban dama a wannan guntu, kada ya koma duban hagu a na gaba, mai kallo zai ɗauka zalɓe biyu ne. Na riƙa yankawa a tsakiyar motsi, inda ido ba ya jin yankan. Saukarsa daga safiya ta shida ce, tafiyarsa daga ta tara, saran daga ta goma sha ɗaya, kuma na rubuta haka a ƙarshen bidiyon, don ban so kowa ya ɗauka a zama ɗaya aka yi. Launi ban ƙara masa komai ba sai abin da na tuna idona ya gani. Akwai aibi ɗaya da na bari: wurin haɗiyar ya ɗan tako gaba, idonsa ya fita daga fokas na kusan sakan biyu.

Da na gama na sa a waya na koma tafkin neman dattijon. Ya goge hannunsa a riga ya karɓa, ya kalla har ƙarshe bai ce komai ba, sannan ya ce in mayar masa wurin saran. Na mayar. Ya ce in sake, in tsayar daidai inda baki ya taɓa ruwa. A hoton da ya tsaya, wata siririyar fata mai hazo-hazo ta shafe idon zalɓen daga gefe, murfin ido na uku da tsuntsaye ke da shi. Ni da na yi mako uku ina kallon guntun nan ban lura da ita ba. Ya matso da wayar kusa da fuskarsa ya ce, "Ikon Allah. Tun ina yaro muke kamun kifi tare da shi, ban san yana rufe ido ba." Ya miƙo mini wayar, ya nuna wani tudu a hayin rafin, ya ce akwai guza da ke fitowa shan rana a can in hantsi ya yi, amma shi ba kamar zalɓe ba ne, ko inuwata ya gani ya faɗa ruwa, sai in zagayo ta bayan duwatsu.